Tagar da Na Toshe a Libreville

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan takarda, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Sunana Habu, mutumin wani ƙauye ne ni a yammacin Ɗambatta. Ana ce mini Malam saboda na sauke, kuma hannuna ya saba da alƙalami da tawada. Abin da zan faɗa ya same ni ne da iyalina a Libreville ta ƙasar Gabon, kuma a kan taga ne. Wanda bai taɓa zaman haya a garin ruwa ba zai ɗauka taga ƙaramin abu ce. Ni ma da haka na ɗauka.

Zangona na farko Owendo ne, a gefen Libreville, inda jiragen ruwa suke tsayawa ana loda musu gungumen itace. Shekara biyu na yi a can ina dakon kaya a wani sito. Mu bakwai muke kwana cikin tsohuwar kwantena, sai an bar bakinta a buɗe ake samun numfashi. Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne rigar da ka wanke ran Litinin sai ta kai Laraba da danshinta. Gishiri yana narkewa a gwangwani. Ashana sai ka ɗumama ta a tafin hannu kafin ta kama. Idan kewar gida ta taso mini, Allah ya gafarta mini, ba mutane nake fara tunawa ba, busasshiyar tabarma nake tunawa.

A Owendo na haɗu da Isufu, Badamagare mai tuƙa taksi. Yana jin harshena ya ce, "Bakano ne? Ku dai har bakin teku sai kun biyo mutane da talla." Na ce masa ai Damagarawa ne suka riga mu zuwa, ƙishirwa ta koro su. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, daga nan muka zama 'yan uwa. Shi ya raba ni da dako, ya samo mini tebur a babbar kasuwa, ina sayar da kwaɗon kulle da tocila da cajar waya.

Da ƙafata ta ɗan tsaya sai na aika a kawo mini matata Sa'ade. 'Yar Gwaggo ce, ita Gwaggo kuwa ƙanwar mahaifina ce, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Saboda haka Gwaggo uwa ce gare ni, suruka ce kuma, ban taɓa mayar mata da magana ba. Mace ba ta zama a kwantena, na shiga neman ɗaki.

Zango na biyu shi ne unguwar Derrière la Prison, wadda mu Hausawa muke ce wa Bayan Kurkuku. Gidaje ne a cunkushe, wasu a kan tudu wasu a kwari, lunguna kamar hanyar tururuwa. Wani dillali mai jin Hausa, wanda har yau ban san ƙabilarsa ba, shi ya kai ni. Lokacin ruwa ya ɗauke, sama ta yi toka-toka, gari ya yi ɗan sanyi. Ɗaki ne na bulo, da silin na katako da ƙofar ƙarfe, da taga guda mai kallon teku. Irin tagar nan ce da suke kira naku, gilasai ne a jere kwance cikin maƙalen ƙarfe, ana ɗaga su ana saukewa. Ya ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da farce ya ce, "Malam, duba da kyau, bakwai ne cif, babu ko tsaga. Amarya za ta sa maka albarka."

Na biya kuɗin haya. Washegari na zo da tabarmata da buta, na tarar da gilasai huɗu. Ukun tsakiya babu su, sai rami wanda akuya za ta iya shigowa ta ciki. Na je wurin mai gidan, wata dattijuwa 'yar ƙasa mai suna Maman Solanji, da guntun Faransancina. Ta saurare ni, ta kama hannuna ta kai ni tagar maƙwabcina, ta nuna mini gilasai uku masu sabon shafin yatsu. Dillalin aron su ya yi na awa ɗaya. Ita tana coci lokacin, kuma ta ce ta gaya masa ya faɗa wa duk mai zuwa cewa tagar ba ta cika ba.

Na ce to a gyara. Ta girgiza kai. Mai gyara ya taɓa dubawa ya ce ƙarfen ya yi tsatsa ya lanƙwashe, sabon gilashi ba zai zauna ba sai an cire komai, cirewa kuwa sai an fasa bango. Mijinta marigayi ne ya gina bangon da hannunsa, kuma wani ɗan haya ya taɓa buga katako a tagar baya har bango ya tsage. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Ausa," don haka take kirana, "ba ƙusa, ba siminti, ba fenti. Yadda ka same shi haka za ka bar shi."

Na nemi dillalin mako guda, wayarsa ta daina shiga. Sa'ade kuma tana hanya. Na haƙura.

Dabarar farko kwali ce. Na yanka shi daidai faɗin gilashi na zura a maƙalen. Da Sa'ade ta iso ta dube shi ta ce, "Malam, ai ya yi kyau," don ba ta son ta karya mini zuciya. Ya yi mana wata biyu. Ranar da ruwan farko ya sauka da hantsi, iskar teku ta kwanto da shi kamar ana watso shi da bokiti, kwalin ya zama kamar jiƙaƙƙen tuwo ya zubo a kan katifa. Na koma buhun shinkafa, na ninka shi na ɗaure da zare a jikin ƙarfen. Yana tare babban ruwa, amma yana kaɗawa kamar tuta, sauro kuma suna shigowa ta gefe su yi walima. Isufu ya kawo mini soson tsohuwar kujerar mota, muka yayyanka muka cusa a tsakanin gilasan da gefen buhun. Wannan ya hana sauro ya rage ƙarar unguwa, har na yi murna. Ashe soso shan ruwa yake yi ya riƙe. Kafin mako biyu ɗakin ya ɗauki wari irin na rigar da aka manta a bokiti. Haka muka ci damina guda muna cirewa muna matsewa muna mayarwa.

Sai Sa'ade ta sami ciki. A wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma hanyar gida ba ta mai ciki ba ce, takardunmu kuma ba na fita a dawo ba ne. Ta haihu a nan, a tsakiyar damina ta biyu, 'ya mace. Na sa mata sunan Gwaggo, don haka daga ni har uwarta babu mai iya faɗarsa, muna ce mata Ummi.

Tun ranar haihuwa saƙon muryar Gwaggo yake shigowa waya, safe da yamma. Na farkon har yanzu yana kunnena.

"Habu, kana ji na? Tun da Allah bai nufa ta haihu a gabana ba, kai ne ni a can. Maijego ɗanyen nama ce. In iska ta shige ta, kumburi ne, ciwon ƙafa ne har tsufa, jaririya kuma sanyin ƙirji. Kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma, garwashi a ƙarƙashin gado. Sa'ade ta ce tagarku a buɗe take kamar rumfar kasuwa. Kada ka bar ko kafar allura. Amana na ba ka."

Matar Isufu ta zo ta yi wa Sa'ade wankan mako guda, bayan suna ta koma gidanta, don unguwarsu Alibandeng da nisa kuma tana da nata yaran. Aka bar ni da amana.

Na koma Owendo wurin tsofaffin abokan dako, suka ba ni leda mai kauri wadda ake naɗe sababbin katifu da ita. Na sayi salatif mai faɗi. Na cire buhu da soso, na goge bango ya bushe, na shimfiɗa ledar ninki biyu ta rufe tagar gaba ɗaya, na liƙe gefe huɗu, na sake bin kan liƙin da wani. Akwai wasu 'yan ramuka na ado a saman ƙofa, na cusa musu tsumma. Na naɗe tsohon zane na kwantar a ƙasan ƙofa. Da na gama na kunna ashana na zagaya da ita gefen tagar, harshen wutar bai ko karkata ba. Wallahi na ji daɗi a ranar. Na ɗauki hoto na aika wa Gwaggo, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Isufu ya leƙo da yamma, ya sa kai ya janye da sauri. "Bakano, ɗaki ne wannan ko madambaci? Dambun wa kake turarawa?"

Na ce, "Ku Damagarawa a fili ake haifar ku, me ka sani game da jego?"

Maman Solanji ma ta tsaya daga waje tana kallon ledar. Ta ce, "Ausa, ta ina za su sha iska?"

Na nuna mata gefen bangon na ce, "Ba ƙusa, Maman."

Ta taɓe baki ta wuce. Dokarta ban karya ba.

Ruwa ya daina shigowa, sauro ya daina, amma bango ya fara gumi. Ledar takan tara ɗigo ta ciki su gangaro. Wani baƙin funfuna ya fito a kusurwa bayan gado. Littafin da nake rubuta addu'o'i da ajami ya yi laushi, tawadar ta bazu har wasali ya haɗe da baƙi. Sa'ade ta fara cewa kanta yana sarawa, in ta miƙe jiri yake ɗibar ta. Ummi kuma ta yi yawan barci, sai an tashe ta take kama nono. Ni da nake wuni a kasuwa ban ji komai ba sai ɗan nauyin kai da asuba, wanda yake washewa in na fita masallaci. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Ka gani ko? Iskar kwanakin farko ce ta riga ta shige ta. A ƙara wuta. Barcin jariri kuwa girma ne." Na ƙara garwashi a kasko.

Ranar da Ummi ta kwana goma sha tara, ruwa ya fara tun bayan fitowar rana. Na fita da lema. Kullum a ƙofar ɗaki Sa'ade take hura kurfoti ta dafa ruwan wanka, sai garwashin da ya gama ci take shigarwa. Ranar babu wurin da ya bushe a waje. Ta shigar da kurfotin ciki da sabon gawayi, ta ɗora babbar tukunya, ta ja ƙofa don kada feshi ya taɓa jaririya. Wannan daga baya ta gaya mini.

Kasuwa ba ta ci ba. Na rufe tebur na yi azahar a masallacin kasuwa. Bayan sallama ban tashi ba. Na zauna jiran ruwa ya tsagaita, muna hira da wasu 'yan Maraɗi a kan yadda ake gane zuma ta gaskiya. Ban san tsawon zaman ba. Da na ga ba shi da niyyar ɗaukewa na taso.

Na yi sallama a ƙofa, shiru. Na ƙwanƙwasa. Na kira ta, abin da ban saba yi da ƙarfi ba. Ƙofar a sakale take ta ciki. Na zaga taga, ledar ta yi fari da tururi, ba a ganin komai. Na dawo ina dukan ƙarfen da tafin hannu ina salati. Maman Solanji ta fito daga ɗakin girkinta da adda a hannu, da alama rogo take sara. Ta nufi taga ta zura addar ta ramin gilasan nan uku, ta tsarge ledar daga sama har ƙasa. Wani zafi ya bugo mu. Maƙwabcina ya zura sanda ta ramin ya ture sakatar.

Sa'ade tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, kanta ya faɗo a kafaɗa, ta yi amai a zanenta. Tukunya tana ta tafasa. Ummi tana kan gado cikin tsumma, fuskarta jawur, kyakkyawa, kamar wadda ta ƙoshi ta yi barci. Na ɗaga hannunta, ya faɗi.

Zan faɗi abin da na yi, ko da yake da kunya. Da Maman ta jawo Sa'ade waje cikin feshin ruwa, ni bargo na ɗauko ina ƙoƙarin lulluɓe ta har ka, ina cewa da Hausa, "Iska! Maijego ce, kada iska ta taɓa ta!" Tsohuwar nan ta make mini hannu da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta fizge bargon ta jefar cikin taɓo. Ta kware wa Ummi tsumma, ta ɗora ta a kafaɗa tana murza mata baya, tana yi mini tsawa in kira mota.

Allah ya sa Isufu yana kusa. Mota ba ta shiga lungunmu, ni da maƙwabcina muka ɗauki Sa'ade muka hau tudu da ita, ruwan kwata yana dukan ƙaurinmu. Isufu bai yi wasa ba ranar. Ya sauke gilasan motar duka, ruwa yana shigowa, ya ce, "Malam, riƙe mata kai wajen iska, kada ka daina kiran ta." Maman tana gaba da Ummi. Ina kiran Sa'ade, idona yana kan 'yar ƙafar da take leƙowa daga hannun tsohuwar, ina jira ta motsa.

A wata mahaɗa ɗan sanda cikin rigar ruwa ya ɗaga mana hannu. Takardar zamana ta ƙare tun watanni, na san in ya tambaya a nan tafiyata za ta tsaya. Maman ta ɗaga jaririyar ta taga ta faɗa masa kalmomi uku ko huɗu. Ya leƙo, ya ja da baya, ya shiga tsakiyar titi ya tsayar da sauran motoci da hannu biyu har muka wuce. Ban san sunansa ba. Ina sa shi a addu'a.

A asibiti suka karɓe su da gudu, aka sa wa kowacce robar iska a fuska. Wata ma'aikaciya ta tsare ni da takarda tana tambayar sunan jaririya. Na ce Ummi. Isufu ya ce, "Na yanka suke so, Malam, faɗa." Na buɗe baki na faɗi sunan Gwaggo tsirara, karo na farko a rayuwata, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mata.

Sa'ade ta farfaɗo wajen la'asar. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, ruwan ya tafasa?" Sai ta shafa gefenta ta ji babu kowa. Ba zan iya rubuta ƙarar da ta yi ba.

Ummi tana wani ɗaki cikin akwatin gilashi, ba a shiga. Ta wata 'yar taga nake hango ta. Ƙirjinta yana ɗagawa kaɗan, ya daɗe, ya sake ɗagawa. Duk abin da na haddace ya gudu daga kaina, ban iya haɗa aya biyu ba, sai Ya Hayyu Ya Ƙayyumu nake ta maimaitawa. Sai washegari da hantsi ta yi kuka, siriri kamar na 'yar kyanwa. Ma'aikaciyar ta ƙwanƙwasa gilashin ta ɗaga mini babban yatsa.

Likitar mace ce mai furfura. Ta zaunar da ni, Isufu yana fassara. Ta ce gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi. A fili ba ta komai, a rufaffen ɗaki kisa take yi, kuma tun kwanaki suke shaƙar ta kaɗan kaɗan. Ta tambayi wanda ya liƙe tagar. Na ce ni ne. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce babba yakan warware. Jariri kuwa ƙwaƙwalwarsa ɗanya ce. Yarinyar za ta rayu in Allah ya so, amma ko abin ya taɓa jinta ko tafiyarta ko maganarta, babu mai iya sani sai lokacin kowanne ya zo. Ban sani ba ko likitar ce ta ce in Allah ya so ko Isufu ne ya ƙara.

Kiran Gwaggo ya fi mini komai nauyi. Sai da na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar magani, don kada harshena ya juya in na ji muryarta. Na gaya mata duka. Ta yi salati ta ce, "Wuta? Mu da muka haifi tara a kan wuta? Likitocin can ba su san jikinmu ba, Habu."

Na ce, "Gwaggo, ɗakinki na azara ne, ƙofarsa asabari, mata suna shiga suna fita, hayaƙi yana da hanya. Nan bulo ne da ƙarfe. Hanya ɗaya ce, ni kuma na toshe ta da hannuna. Ki gafarce ni, in sun dawo ba zan rufe tagar ba, wuta kuma ba za ta ƙara shiga ɗakin ba."

Na duba ko wayar ta yanke, ba ta yanke ba. Ina jin kaji a bayanta, da wata tana daka. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ni na ce kada ka bar kafar allura."

Na ce, "Ni na ga bango yana gumi, Gwaggo. Ke ba ki gani ba."

Ta ja hanci. "To a ci gaba da ruwan zafin, a dafa a waje. Ka sa wa takwarata hula da safa."

Kafin a sallame su muka gyara tagar, ni da Isufu, Maman tana zaune a kujera tana ba da umarni. Da farko ta fito da guduma da gwangwanin ƙusoshi ta ajiye a gabana, ta ce, "Ausa, buga duk inda kake so." Idonta ya yi ja. Na mayar mata, na ce ba ƙusa ce ta rasa ba. Ita ta nuna mana dabarar da 'yan unguwa suke yi. Muka sami fararen jarkokin mai guda biyu, muka wanke da omo, muka yanke faffaɗan gefensu daidai tsawon gilashi, muka zura a maƙalen. Roba tana lanƙwasa ta bi karkataccen ƙarfe, ba ta shan ruwa, haske yana ratsa ta, kuma ana ɗaga ta a sauke tare da sauran. Wani kafinta ya haɗa mini firam na siririn katako daidai bakin tagar, muka ɗaura masa ragar sauro, muka naɗe gefensa da robar tsohon tiyub, muka danna shi ya zauna daram ba tare da ya ci bango ba. Daga waje muka rataya guntun tamfol da igiya a jikin katakon rufi, muka tokare ƙasansa da sanduna biyu ya yi gangare, ruwa ya bugo shi ya zube ƙasa, iska ta zago ta gefe ta shiga. Tsumman saman ƙofa na zare su na ƙona. Bangon muka wanke da ruwan bilic. Gilashin can sama kuwa na ɗaure shi da waya a buɗe, yadda ko an so rufewa ba zai rufu ba.

Isufu ya ja baya ya duba ya ce, "Yanzu ka yi hankali, Bakano. Tsada dai ya yi." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Duk da haka Sa'ade ba ta iya zaman ɗakin ba. In ta zo bakin ƙofa sai ta juya, takan wuni da Ummi a barandar Maman. Bayan arba'in muka tashi. Maman ta raka mu har kan tudu, ta sa wa Ummi hannu a ka ta yi addu'a irin tasu. Jarkokin na bar wa wanda zai shiga bayana, firam ɗin da tamfol na zare na ɗora a kan taksin Isufu, tun da babu abin da ya riƙe su a bango.

Zango na uku Alibandeng ne, inda muke har yanzu, kusa da su Isufu. Ranar da na je duba ɗakin sai da na girgiza kowane gilashi, na leƙa tagar maƙwabta na ƙirga nasu. Kafinta ya rage wa firam ɗin yatsa biyu ya shiga. Duk Bahaushen da na ji matarsa ta kusa haihuwa nakan je har gida in duba tagarsa, in faɗa masa abin da ya same ni. Wasu suna ji, wasu suna cewa iyayensu sun fi ni sani.

Ummi yanzu shekararta ɗaya da wata tara. Mun bi lokutan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likitar ta ce. Ji tana ji: in cokali ya faɗi takan waiga, ranar da na fara ganin haka sai da na yi sujada. Zama ta makara, rarrafe ta makara, amma ta yi. Tafiya ta fara wata uku da suka wuce, tana ɗan jan ƙafar hagu. Saura magana. 'Yar Isufu, wadda Ummi ta girme wa da wata huɗu, tana cewa Mama, tana cewa ruwa, har tana zagin akuya. Ummi ba ta ce komai ba tukuna. Matan unguwa suna cewa wasu yaran haka suke, nauyin baki ne. Sa'ade takan ce haka ne, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe. Mun koma asibiti, sun ce a ƙara jira, a yawaita yi mata magana.

Don haka kullum in na dawo daga kasuwa bayan la'asar nakan zaunar da ita a cinyata, fuskarta tana kallon tawa, in riƙa faɗa mata kalma ɗaya a hankali. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya sa ta a addu'a. Jiya ina cewa "Baba, Baba," sai ta miƙo hannu ta kama leɓena tana kallon yadda yake motsi. Ta saki, ta haɗa nata leɓɓan kamar yadda na yi. Sa'ade ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na kai yatsana kusa da bakinta ina jira. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai numfashi mai ɗumi a kan yatsana. Na gode wa Allah da numfashin, na sake faɗa mata kalmar.